Roƙon Allah Gabagaɗi a Koyarwar Kirista: Tushensa da Iyakarsa

Daga cikin abubuwan da suka fi jan hankalin mai nazarin addinin Kirista akwai yadda koyarwarsa take ƙarfafa mai bi ya kai buƙatarsa gaban Allah kai tsaye, ya ambace ta da sunanta, ya kuma nace a kanta ko da amsa ta yi jinkiri, alhali wannan koyarwar ce dai take jaddada cewa Allah mai tsarki ne, mai iko duka, wanda babu mahaluƙin da ya isa ya tilasta masa. Wannan hali shi ake kira roƙo gabagaɗi, wato roƙon da ake yi da sakin jiki da buɗaɗɗiyar zuciya, ba tare da kewaye-kewaye ko fargabar za a kori mai roƙon ba. Batu ne da ya cancanci a fahimce shi da kyau, domin mutane da yawa, har daga cikin Kiristocin kansu, sukan ɗauka cewa ɗaga murya ne ko ba Allah umarni, wasu kuma saboda gudun wannan kuskure sukan daina roƙon komai a fili, sai addu'arsu ta zama jerin kalmomin da ba su taɓo ainihin abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya ba. Littafi Mai Tsarki da tarihin ikilisiya, wato taron masu bin Yesu Almasihu, suna nuna cewa ƙarfin halin roƙo da miƙa wuya ga nufin Allah tare suke tafiya, kuma wanda ya saki ɗaya yakan wayi gari ya rasa duka biyun.

Inda gabagaɗin ya samo tushe

Duk wanda ya tashi cikin tarbiyyar ƙasar Hausa ya san cewa roƙon babba yana da ladabinsa. Talakan da ke da kuka a fada sai ya nemi wanda zai yi masa iso, ya cire takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa, sa'an nan ya gabatar da buƙatarsa a taƙaice idan an ba shi dama, amma ɗan sarki, wanda shi ma yake durƙusa wa mahaifinsa yana kuma jin nauyinsa, yana da ƙofar shiga da talaka ba shi da ita, kuma matsayinsa na ɗa ne ya ba shi ita. A kan irin wannan bambanci Kiristoci suke gina fahimtarsu ta addu'a, domin Yesu ya koya wa almajiransa su kira Allah Uba, Manzo Bulus kuma a wasiƙunsa zuwa ga Romawa da Galatiyawa ya bayyana cewa an karɓi masu bi a matsayin 'ya'ya, kamar yadda dokar Romawa ta zamaninsa ta ba mutum damar ɗaukar bare ya mai da shi ɗa mai cikakken haƙƙin gado. Kiran Allah Uba a bakin Kirista ba ya nufin haihuwa irin ta jiki. Abin da yake nufi shi ne kusanci da kulawa da 'yancin shiga, waɗanda aka samu ta wurin alheri, wato kyautar da Allah yake bayarwa ba don an cancanta ba.

Domin a gane girman wannan 'yanci dole a waiwayi tsarin ibadar Isra'ila ta dā. A Haikalin Urushalima akwai ɗaki na can ciki da ake kira Wuri Mafi Tsarki, wanda labule mai kauri ya raba shi da sauran ginin, kuma babu mai shiga cikinsa sai babban firist, shugaban masu miƙa hadaya, shi ma sau ɗaya tak a shekara, a Ranar Kafara, yana ɗauke da jinin hadayar da ake miƙawa domin shafe zunubansa da na jama'a. Bisharun Matiyu da Markus da Luka duka sun ruwaito cewa a lokacin mutuwar Yesu a kan gicciye wannan labule ya tsage, Matiyu da Markus kuma sun ƙara da cewa daga sama ya tsage zuwa ƙasa. Wasiƙar Ibraniyawa, a sura ta 4 da ta 10, ta fassara al'amarin da cewa Yesu ya zama babban firist na ƙarshe wanda ya buɗe hanya, saboda haka kowane mai bi, namiji ko mace, malami ko wanda bai iya karatu ba, yana da izinin matsowa ya nemi jinƙai da taimako a lokacin da yake buƙata.

Wannan ne dalilin da ya sa Kiristoci suke rufe addu'o'insu da ambaton sunan Yesu. Ambaton ba laƙani ba ne da ke sa roƙo ya karɓu ko ta halin ƙaƙa. Shaida ce cewa mai roƙon ya zo ne bisa matsayin wani, kuma yana roƙon abin da mai sunan zai amince da shi. Daga nan ake fahimtar cewa gabagaɗin bai dogara ga yawan ayyukan kirki na mai addu'a ba, balle ƙarfin muryarsa, shi ya sa mai zunubin da ya tuba jiya yake da ikon roƙo daidai da dattijon da ya tsufa cikin ibada. Ikilisiyar Katolika ta adana wannan tunani a cikin tsarin ibadarta, inda limami yakan tunatar da jama'a, kafin su yi addu'ar da Yesu ya koyar, cewa kiran Allah Uba ƙarfin hali ne da ba wanda zai yi shi sai don an umarce shi.

Masu roƙo a Tsohon Alkawari

Tsohon Alkawari, wato kashin farko na Littafi Mai Tsarki da aka rubuta kafin zuwan Yesu, cike yake da mutanen da suka yi wa Allah magana ba tare da ɓoye komai ba. A Littafin Farawa sura ta 18 Ibrahim ya tsaya yana roƙo domin birnin Saduma, ya fara da neman a bar birnin idan an sami adalai 50, ya sauko zuwa 45, zuwa 40, zuwa 30, zuwa 20, har ya tsaya a 10, yana amincewa a tsakiyar roƙon cewa shi ƙura ne da toka, amma yana kafa hujja da adalcin Allah da kansa. Musa ma haka ya yi a Littafin Fitowa sura ta 32, bayan da jama'a suka ƙera ɗan maraƙi na zinariya suka yi masa sujada, domin bai kare laifinsu ba ko kaɗan, sai dai ya tunatar da Allah alkawarin da ya yi wa Ibrahim da Ishaku da Yakubu, da kuma abin da Masarawa za su faɗa idan aka hallaka mutanen da aka fitar daga hannunsu. Abin lura a nan shi ne dukansu biyu domin wasu suka yi roƙon, kuma hujjarsu halin Allah ce da maganarsa.

Labarin Hannatu, a farkon Littafin Sama'ila na ɗaya, ya fi kusa da rayuwar yau da kullum. Mace ce da ba ta haihu ba, mijinta Elkana yana ƙaunarta, amma kishiyarta Feninna mai 'ya'ya takan yi mata gori, musamman a lokacin da iyalin suke zuwa Shilo yin hadaya kowace shekara. Wata rana ta tashi cikin ɓacin rai ta tsaya gaban Ubangiji tana kuka, leɓunanta suna motsi amma ba a jin muryarta, har Eli firist, wanda yake zaune kusa da ƙofa yana kallonta, ya zaci buguwa ta yi ya tsawata mata. Ta amsa masa cikin ladabi cewa damuwarta take zubawa a gaban Allah, kuma abin da ta roƙa a fayyace yake, ɗa namiji, tare da alkawarin za ta mayar da shi ga hidimar Allah muddin ransa. Littafin ya nuna cewa bayan wannan addu'a ta tafi ta ci abinci fuskarta kuma ta sake, tun kafin ta sami ciki, daga baya ta haifi Sama'ila, annabin da ya naɗa Saul da Dawuda sarauta. Ɗaya daga cikin addu'o'i mafi ƙarfin hali a dukan littafin an yi ta ne ba tare da an ji ko sauti ba, wannan kuwa ya isa ya nuna cewa gabagaɗi al'amarin zuciya ne.

Sarki Hezekiya na Yahuza ya bar wani misalin. A shekara ta 701 kafin haihuwar Yesu, Sennakerib sarkin Assuriya ya mamaye biranen Yahuza, yaƙin da rubuce-rubucen Assuriyawa da kansu suka ambata, ya kuma aika wa Hezekiya wasiƙar barazana. Bisa ga Littafin Sarakuna na biyu sura ta 19, Hezekiya ya karanta wasiƙar, ya haura Haikali, ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji, ya amince cewa gaskiya ne Assuriyawa sun hallaka ƙasashe da dama, sa'an nan ya roƙi ceto domin duniya ta san wane ne Allah, kuma Urushalima ba ta faɗi ba. Littafin Zabura, mai ɗauke da waƙoƙi 150, ya mai da irin wannan gaskiyar magana ta zama ibadar jama'a, domin kaso mai yawa daga cikinsa kuka ne da kai ƙara, har Zabura ta 13 ta maimaita tambayar tsawon lokacin jira sau huɗu, ta 88 kuma ta ƙare ba tare da ta ambaci wani sauƙi ba.

Abin da Yesu ya koyar

Yesu ya ɗora a kan wannan gado ta hanyar misalai, wato gajerun labarai masu ɗauke da darasi. A Luka sura ta 11 ya kawo mutumin da baƙo ya sauka a gidansa da tsakar dare babu abin da zai ajiye masa, sai ya tafi gidan abokinsa yana buga ƙofa yana neman rancen gurasa uku. A ƙauyukan Falasɗinu na wancan zamani iyali sukan kwana a ɗaki ɗaya, ƙofa a kulle da sakata, ta yadda tashin maigida yana nufin tashin yara duka, shi ya sa abokin ya fara kawo uzuri, amma ƙarshe ya tashi ya ba shi abin da yake nema saboda nacinsa. A sura ta 18 kuma ya kawo wata mace da mijinta ya mutu, wadda ta yi ta zarya wurin wani alƙali marar tsoron Allah har ya gaji ya bi mata haƙƙinta. Manufar misalan ba ita ce a kwatanta Allah da maƙwabci mai nauyin barci ko azzalumin alƙali ba. Hujja ce daga ƙarami zuwa babba, cewa idan naci yana cin nasara a kan irin waɗannan mutane, kuma idan uba na duniya da dukan kasawarsa ba ya ba ɗansa maciji a maimakon kifi ko kunama a maimakon ƙwai, to babu dalilin da zai sa mai bi ya ji kunyar komawa wurin Allah da buƙata ɗaya sau da yawa.

Yadda Yesu ya karɓi masu naci ya yi daidai da koyarwarsa. Wata mace Bakan'aniya daga yankin Taya da Sidon ta roƙe shi ya warkar da 'yarta, da farko ya yi shiru, almajiransa suka nemi a sallame ta, amsar da ya ba ta daga baya ma mai tsauri ce, amma ta ƙi tafiya, ta juya maganarsa ta zama hujjarta, shi kuwa ya yaba wa bangaskiyarta ya biya mata buƙata. A Yariko makaho Bartimawas ya yi ta ɗaga murya jama'a suna kwaɓarsa, da aka kawo shi sai Yesu ya tambaye shi abin da yake so a yi masa, ko da yake makantar tasa a bayyane take. Malaman ikilisiya suna koyo daga wannan tambaya cewa Allah yana so mai roƙo ya fayyace buƙatarsa, domin wanda ya ambaci abin da yake nema ya san abin da yake jira, idan ya samu kuma ya san wanda zai gode wa. Duk da haka, nan take bayan misalin matar da alƙali, Luka ya kawo misalin Bafarisiye, ɗan ɗariƙar Yahudawa mai tsananin kiyaye shari'a, wanda ya tsaya yana lissafa azuminsa da zakkarsa, da mai karɓar haraji wanda ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji yana neman jinƙai, kuma na biyun ne ya koma gida karɓaɓɓe. Jerawar misalan biyu tana nuna cewa gabagaɗi da girman kai ba su haɗa hanya ba.

Idan amsa ta zo daban

Wurin da ake gane ingancin wannan koyarwa shi ne lokacin da abin da aka roƙa bai samu ba. A lambun Getsamani, a daren da aka kama shi, Yesu ya roƙa har sau uku a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, ya faɗi abin da yake so a fili, amma ya ɗora nufin Uban a kan nasa, kuma ba a ɗauke wahalar ba. Bulus ya ba da labari a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa cewa sau uku ya roƙa a cire masa wata damuwa da ya kwatanta da ƙaya a jiki, sai aka ba shi alherin jurewa a maimakon cirewa. A Ayyukan Manzanni sura ta 12 an kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, Bitrus kuma ya kuɓuta daga kurkuku yayin da ikilisiya take yi masa addu'a, littafin bai kuwa nuna cewa bambancin ya samo asali daga ƙarancin bangaskiyar wani ba. Wasiƙar Yakubu ta ambaci dalilai biyu na rashin samu, wato rashin roƙo da kuma roƙo da mugun nufi domin biyan sha'awa, wasiƙar Yahaya ta farko kuma ta ɗaure tabbacin amsa da roƙon da ya dace da nufin Allah.

Tarihin ikilisiyar Arewacin Afirka ya adana misali mai zurfi a kan wannan. Monika, mahaifiyar Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a garin Tagaste cikin ƙasar Aljeriya ta yau, ta shafe shekaru tana roƙon Allah ya juyo da ɗanta ga bangaskiya. A shekara ta 383 ya yi niyyar barin Kartaj zuwa Roma, ita kuwa ta roƙi Allah da hawaye kada ya tafi, amma ya yaudare ta ya shiga jirgin ruwa da dare. A Italiya ne, a birnin Milan, ya saurari wa'azin Bishop Ambrose, ya tuba, aka yi masa baftisma a shekara ta 387, kuma da ya zo rubuta tarihin rayuwarsa ya fahimci al'amarin da cewa Allah ya hana mahaifiyarsa abin da ta roƙa a daren nan domin ya ba ta abin da ta daɗe tana roƙo. Bayan ya zama bishop na Hippo, wajen shekara ta 412, ya rubuta wa wata attajira mai suna Proba, wadda ta gudo daga Roma bayan an washe birnin a 410, doguwar wasiƙa a kan addu'a, inda ya bayyana cewa roƙo ba ya sanar da Allah abin da bai sani ba, sai dai yana faɗaɗa marmarin mai roƙon domin ya iya ɗaukar abin da Allah ya shirya bayarwa.

Shaidar zamanin baya-bayan nan

A ƙarni na 19 babu wanda sunansa ya shahara da wannan batu kamar George Müller, haifaffen Jamus a 1805, wanda ya zauna a birnin Bristol na Ingila ya buɗe gidan marayu na farko a 1836. Ya ɗauki ƙa'idar cewa ba zai roƙi kowane mutum kuɗi ba kuma ba zai ci bashi ba, Allah kaɗai zai gaya wa buƙatunsa, ya kuma bayyana cewa babban burinsa shi ne ya nuna wa mutanen zamaninsa cewa Allah yana jin addu'a. Zuwa 1870 yana da manyan gidaje biyar a unguwar Ashley Down masu ɗaukar yara kimanin 2,000, kuma kafin rasuwarsa a 1898 marayu fiye da 10,000 sun bi ta hannunsa. Abin da masu ba da labarinsa sukan tsallake shi ne tsarin da ke bayan gabagaɗin nasa, domin yakan daɗe yana nazarin Littafi Mai Tsarki kafin ya tabbatar cewa abin da zai roƙa ya dace, yana rubuta kowane kuɗi da ya shiga da wanda ya fita, yana kuma wallafa rahoton shekara domin kowa ya ga yadda aka kashe dukiyar. Da matarsa Mary ta kwanta ciwo a 1870 ya roƙa mata lafiya, ta rasu, shi ne kuma ya yi wa'azin tunawa da ita a kan nagartar Allah.

Wannan tafarki na dogara ga addu'a domin samun abin gudanar da aiki ya yi tasiri a kan Hudson Taylor, wanda ya kafa ƙungiyar mishan ta cikin ƙasar Sin a 1865, ya kuma shafi ƙungiyoyin da suka zo Afirka ta Yamma. A ƙarshen 1893 matasa uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas ba tare da wata babbar ƙungiya ta ɗauki nauyinsu ba, cikin 1894 Gowans da Kent suka mutu da ciwo, Bingham ya koma gida, yunƙurinsa na biyu ma ya ci tura, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi a bakin Kogin Kwara. Daga ƙungiyar mishan ta SIM, wadda wannan yunƙuri ya haifar, ne asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar ya samu a 1950, aka kuma kafa ikilisiyar ECWA a 1954. Tarihin yana ɗauke da ɓangarorin biyu a haɗe, roƙon abu mai girma da kuma amsar da ta zo bayan kaburbura da shekarun jira.

Inda ake kuskure

A ƙarni na 20 wata koyarwa ta bazu daga Amurka zuwa Afirka da sauran sassan duniya, wadda ake kira bisharar wadata, mai cewa lafiya da arziki haƙƙi ne na kowane mai bi a wannan duniya, kuma ana samunsu ta hanyar furta su da baki da ba da kuɗi a matsayin iri da ake shukawa. Babban taron Kiristocin bishara na Ƙungiyar Lausanne da aka yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 2010 ya yi tir da wannan koyarwa, ko da yake ya amince cewa Allah yana warkarwa yana kuma tanada wa mutanensa. Illarta a bayyane take ga duk wanda ya zauna kusa da marasa lafiya, domin idan an ce amsa tana hannun mai roƙo, to wanda bai warke ba sai a ɗora masa laifin raunin bangaskiya a kan ciwonsa, wani ma ya watsar da maganin asibiti don kada a ce ya yi shakka, talaka kuma ya miƙa ɗan abin da ya rage masa yana jiran ninki. Irin wannan ya mai da addu'a ciniki, ya kuma mai da Uba ya zama wanda ake bi bashi.

Kuskure na biyu ba shi da hayaniya, amma ya fi yaɗuwa. Shi ne na mai bin da yake fakewa da cewa Allah ya san komai, ko kuma yake gaggawar ambaton nufin Allah tun kafin ya faɗi abin da yake so, ba don miƙa wuya ba sai don tsoron kada ya roƙa ya rasa. Tsarin addu'ar Getsamani yana gyara wannan, domin a can roƙon da miƙa wuyan a haɗe suke, ba a kuwa ɓoye roƙon ba, kuma babu yadda mutum zai sallama wa Allah burin da bai taɓa yarda cewa yana da shi ba. Haka kuma roƙo ba ya ɗauke wa mutum aiki, domin Nehemiya, a lokacin sake gina garun Urushalima, ya yi addu'a ya kuma sa masu gadi dare da rana, abin da ya yi daidai da maganar Hausawa cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ma'aunin roƙo nagari

Daga dukan wannan ana iya fitar da ma'aunin da ikilisiyoyi suke koyarwa, ko a taron addu'ar asuba, ko a zumuntar mata, ko a addu'ar iyali kafin kwanciya. Roƙo gabagaɗi yana fayyace buƙata, yana kafa hujja da halin Allah da alkawuransa, yana zuwa da tuba da yafe wa waɗanda suka yi wa mai roƙon laifi, yana kuma dawowa sau da yawa ba tare da gajiya ba. Addu'ar da Yesu ya koyar ta tsara fifikon abubuwa, inda ta fara da sunan Allah da mulkinsa da nufinsa, sa'an nan ta sauko kan abincin yini da gafara da kariya daga mugunta, ta haka ta nuna cewa babu buƙatar da ta yi ƙanƙanta da za a ji kunyar kawo ta, kuma babu wadda ta isa ta sha gaban nufin Allah. Ayyukan Manzanni sura ta 4 ta ƙara wani darasi mai muhimmanci ga duk ikilisiyar da take cikin matsi, domin bayan an yi wa Bitrus da Yahaya barazana, masu bi ba su roƙi hallakar masu tsananta musu ba, ƙarfin halin ci gaba da shaida suka roƙa, da kuma warkarwa ga mutane.

Saboda haka ba a auna ingancin addu'ar Kirista da yawan abin da ya samu, ana auna ta ne da ko ya faɗa wa Allah gaskiyar abin da ke ransa, da ko abin da ya nema zai amfani wasu ya kuma girmama wanda aka roƙa, da ko ya ci gaba da dogara bayan an ce masa ya jira ko an ba shi wani abu dabam. Nauyi ne a kan fastoci da dattawan ikilisiya da iyaye su koyar da ɓangarorin nan biyu tare, domin mai bin da aka koya wa roƙo kaɗai zai karaya ranar da aka hana shi, wanda kuma aka koya wa haƙuri kaɗai zai yi ta fama da nauyin da aka riga aka ba shi izinin saukewa.